Karolina da Gashin Bakin Oreste

A garinmu, Castelmorra, babu wanda ya kama ƙafar Oreste Cavazzuti a gashin baki. Ni ne shaida, domin ni ke gyara masa shi duk Asabar, ni Loris mai aski, wanda shagonsa ke kallon dandalin coci. Gashin bakin nan ya miƙe hagu da dama kamar ƙahon bijimi, in zai shiga ƙaramar ƙofa har karkata kai yake yi. Sana'arsa a da dillancin tayil ɗin banɗaki. Amma tun ranar da ya gyara famfon gidansa da kansa, ruwa ya cinye falon maƙwabcinsa na ƙasa, ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Mu kuwa ba ma ƙin abin dariya, muka ce to, Injiniya.

Wata Asabar yana kan kujerata, na cika masa fuska da kumfa, sai ga Dakta Malagoli mai kantin magani ya gifta a tsohuwar motarsa, baƙa, ƙirar Turin ta 1930, tana tafe tana tari a hankali. Kowa a shagon ya leƙa. A ƙasarmu mutum ba zai waiga don Bishop ba, amma tsohuwar mota ta wuce, ko cokali ne a bakinsa sai ya saki.

"Gwangwani," in ji Oreste daga ƙarƙashin kumfa. "Da ni ne da wannan abin, da kunya ta hana ni fita."

Kamar ya ji, sai Dakta ya tsayar da mota ya shigo. Dogo ne siriri, yana magana kamar mai ɗiga maganin ido. Shekara da shekaru abu guda yake nema: lambar tagulla da ake bayarwa ranar bikin sa wa motoci albarka, wadda alƙalai ke zuwa takanas daga Turin su liƙa wa motar da kayan jikinta suka fi zama na asali, na zamaninta. Kullum na biyu yake zuwa, saboda fitilunsa da hon da kujeru ba na ainihi ba ne. Ya nemi na ainihin har ya gaji.

"Injiniya, na ji ana zancen gwangwani. Kifi za a ci?"

"Motarka nake nufi, Dakta. Bana ma na biyun za a ba ka, ko za ka sauka na uku ka huta?"

"To kai wace ce taka? Wadda matarka ke zuwa cefane da ita?"

Oreste ya miƙe tsaye, ƙyallen askina na reto a wuyansa. "Karolina!"

Shago ya kwashe da dariya. Karolina motar marigayi surukinsa ce, irin ta Dakta sak, shekararsu ɗaya. Tun kafin a haife ni take kwance a rumbun ciyawa, kaji na ƙwai a kujerar baya.

"Ka nemi izinin kajin?" in ji Dakta.

"Ku yi dariyarku! Ranar biki, in lambar nan ba ta hau goshin Karolina ba, Loris ya aske wannan." Ya kama ƙahon hagu, ya kama na dama. "A tsakiyar dandali, gaban kowa!"

Fada Celso, limamin cocinmu, yana zaune a layi da 'yan silin gashinsa da yake kawo mini don kada in ji ya raina sana'ata. Ya ce, "Na zama shaida, ɗana. Amma rantsuwa ba kyau."

"Ba rantsuwa ba ce, Fada. Labarin abin da zai faru nake ba ku tun da wuri."

Na dubi gashin bakin nan kamar yadda mahauci ke duban ƙosasshen sa.

Washegari rabin gari ya tafi kallon fito da Karolina. Da aka ja ta waje, kaji suka ɓarke ta kowace taga, zakara ya tsaya a kan sitiyari ya ƙi sauka sai da aka haɗa da tsintsiya. Nives, matar Oreste, tana gefe ta harɗe hannu. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi maka guda ɗaya sai ta kwana a jikinka.

"Oreste, motar babana ce. A cikinta ya koya mini tuƙi. Yi duk haukan da za ka yi da jikinta, amma injin bakanike za a kai wa. Na ga abin da ka yi wa famfo."

"Famfon ne ba shi da tarbiyya."

"Bakanike."

Aka kai injin wurin bakanike a garin gaba. Saura kuwa ya faɗa hannun Injiniya. Ya dubi fitilun, sun dushe. Ya dubi hon, robarsa ta yi tauri. Ya dubi kujeru, fata ta tsattsage. Ya ce, "Alƙalai so suke su ga mota kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Ranar da ta fito, da kashin kaji ta fito?" Sai ya ɗauki sifana ya shiga ɓalle-ɓalle: fitilu, hon, kujeru, mariƙan ƙofa, wayoyin nan na da masu rigar zare, har ƙusoshi. Ya loda a amalanke, ya zo ya zube su bayan shagona kusa da bola.

Da rana tsaka sai ga Dakta da baro. Ya tsaya a kan tarin, ya ƙura masa ido.

"Injiniya, waɗannan fa?"

"Shara ce. Kwashe in kana so, ta dace da motarka."

"Ka tabbata? A gaban Loris?"

"A gaban Paparoma ma."

Dakta ya kwashe tas, ko ƙusa ɗaya bai bari ba. Da ya ɗora hon a sama sai ya ɗan matsa robar. Ta yi wani kuka kamar agwagwa mai mura. Ya sa hularsa ya rufe ta, ya tura baronsa ya yi gaba, bai waiga ba.

Oreste kuwa ya tafi babbar kasuwar tsofaffin kayan mota, inda kowane ɗan kasuwa kakansa direban sarki ne. Ya dawo da mota cike. Ya baje mana a dandali. Fitilu biyu manya kamar farantin biki, suna ƙyalli.

"Daga motar wani basarake aka cire su," in ji shi, "wanda ya gudu Faransa da 'yar rawa."

Wani tsohon manomi ya sunkuya ya duba. "Basaraken noma yake yi? Irin na tarakta ta ne."

"Taraktarka ce ta kwaikwayi basarake."

Hon ɗin da ya sayo, da ya gwada shi, tantabarun coci suka tashi ba su dawo ba sai da yamma, wata tsohuwa ta fito da jakarta tana tambayar ko jirgin ruwa ya iso. Karolina koriya ce mai duhu tun asali, ya mulka mata jan fenti mai sheƙi, wai motar Italiya in ba ja ba ce amalanke ce. Tsofaffin ƙusoshin masu tsaga ɗaya a ka duk ya musanya su da sababbi masu kan gicciye, don su ne injin ɗaurinsa ke kamawa. Katakon ƙasan motar ya ruɓe, sai ya tuna yana da ragowar haja a sito. Ya shimfiɗa tayil, shuɗi, mai zanen ƙananan kifaye, ya rufe da darduma.

"Tayil a mota, Injiniya?"

"Attajiran da haka suke yi. Talaka bai sani ba don ba a taɓa ɗaukarsa ba."

Kujeru ya sa aka ɗinka sababbi aka cusa soso. Ana nan sai Dakta ya zo aski, ya ce da bango, ba da kowa ba, "Alƙaliyar bana an ce zama take yi a kan kujera. Da mazaunanta take gane soso da gashin doki. Kujerun da ai gashin doki ake cusa musu."

Oreste na shagon, ya ji. Doki ɗaya ya rage a Castelmorra, wata tsohuwar goɗiya ta manomin nan mai tarakta. Ya lallaɓa bayanta da almakashin matarsa. Abin da ya samo bai kai a yi burushin haƙori ba, abin da ta ba shi a cinya kuwa ya sa ya yi mako yana tafiya kamar kaguwa.

Tausayi ya kama ni. Na ce, "Injiniya, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ina da mutum a Verona, dawaki ne sana'arsa."

"Na asali?"

"Jikokin dawakan wancan zamani."

Daga ranar na daina zubar da sharar shago. Furfura, baƙi, ja, gemu, saje, har 'yan silin Fada. Na roƙi maƙwabciyata mai gyaran gashin mata, ta ƙara mini da nata, rinanne da wanda ba rinanne ba. Na cika buhuna na kai masa. Ya zura hannu, ya shinshina.

"Ƙamshin man aski yake yi."

"Dawakan manyan mutane ne, ana shafa musu."

"Wannan kuma shuɗi-shuɗi?"

"Goɗiya ce, ta tsufa ba ta yarda ba."

Ya gyaɗa kai irin na masani. Aka farke kujeru, aka fitar da soso, aka danna gashin Castelmorra har suka kumbura kamar burodi.

Abin ya yi mini daɗi, sai na ƙara. Na same shi yana buga wa tayoyi iska, na riƙe baki. "Injiniya! Iskar bana kake sa wa motar 1930?"

Ya saki famfo. "Iska ma?"

"Alƙalai suna kwance bakin taya su shinshina. Iskar da babu hayaƙin jirgin sama a cikinta. Amma kada ka damu, akwai wani tiyub na kakana a saman silin, tun kafin yaƙi aka hura shi, ba a taɓa buɗewa ba."

Na kawo masa. Ya sace iskar tayoyinsa huɗu, ya haɗa tiyo, ya hau kan tiyub ɗin ya zauna, yana dannawa da duk nauyinsa, gumi na bin gashin baki, maƙwabta sun jeru a kan katanga suna ba shi ƙarfin gwiwa. Yana cikin tsalle a kai Nives ta fito shanya. Ta tsaya ta duba.

"Wannan ba tiyub ɗin da Loris ke iyo da shi a kogi ba ne? Ga facin da na ba shi ya liƙa bara."

Katanga ta kusa rushewa don dariya. Oreste ya miƙe, fuskarsa ta koma kalar motar. Ya nuna ni da tiyo.

"Daga yau, Loris, duk abin da ya fito daga bakinka ƙarya ne. In ka ce mini rana ta fito, laima zan ɗauka."

Ya daina gaishe ni. Aski dai bai daina zuwa ba, don ni kaɗai ne mai aski a garin, kuma ƙahon nan ba ya tsayuwa da kansa.

Bakanike ya dawo da inji, ya ɗaura, ya tashi lafiya lau. Amma Oreste ya hana a fita da motar ko nan da ƙofa. Ƙura, in ji shi. Taya ba za ta taɓa titi ba sai ranar biki. Kullum sai ya shiga gareji, ya cire takalmi, ya shimfiɗa tawul a kan matakan ƙafa, su birki da totur, don kada su yi datti, ya naɗe ƙafafu, ya riƙe sitiyari yana ƙarar inji da baki. Matakan nan su kaɗai ne bai taɓa ba a duk motar, saboda suna can ƙasa inda ba a ganin ƙyalli.

To, motocin wancan zamani da yawa ba kamar na yanzu ba ne wajen ƙafa. Kulos a hagu, birki a dama, totur a tsakiya. Duk tsohon da ke zama a shagona ya san haka. Oreste bai sani ba, domin tun da aka haife shi bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana ba.

Ranar biki da safe ya shigo a gyara masa ƙaho. Ya sha hular fata da tabarau irin na matuƙan jirgi, da farin mayafi a wuya. Nives na biye da shi riƙe da jaka, don ita za ta zauna a gefensa. Ina murza masa kakin zuma yana koya wa 'yan layi tuƙi, yana taka matakin kujerata.

"Abin a ƙafa yake. Dama wuta, tsakiya tsayawa. Zan gangaro a hankali, in zo gaban alƙalai, in ɗan taɓa tsakiya, cak!"

Na ajiye kakin. "Injiniya, tsaya. A Karolina tsakiya ne wuta. Birki na dama."

Ya dube ni ta madubi. Murmushi ya fara daga ƙahon hagu ya tafi har na dama.

"Mutumina, ka makara. Wannan karon ba ka samu ba."

"Na rantse da kabarin uwata."

"Da shi ka rantse ranar iska."

"Gaskiya yake faɗa, Oreste," in ji Nives. "Totur a tsakiya yake. Ni na tuƙa ta."

"Har ke kin shiga ƙungiyarsu? Wane mahaukaci ne zai sa totur a tsakiya? Mutanen Turin ba su da hankali ne?"

Fada Celso ya leƙo, yana sanye da kayan biki. "Ɗana, motar kawuna ma haka..."

"Fada! Kai ma? A rana mai tsarki irin ta yau?"

Nives ta rataya jakarta. "Ni a ƙasa zan kalla."

Dandalinmu gangare ne. Coci na sama, teburin alƙalai a tsakiya, daga nan masu badujala, sai rumfar masu cuku, sai tafkin ruwan ado a can ƙasa. Ranar biki masu cuku kan jera ƙulla-ƙullan cukunsu, kowanne kamar turmi, su yi dala da su har ta fi mutum tsawo. Al'ada ita ce motoci su jeru a ƙofar coci, Fada ya yayyafa wa kowace ruwan albarka, ta gangara a hankali ta tsaya gaban alƙalai.

Ta Dakta ta riga. Ta gangara kamar amarya, ta tsaya. Sai aka sauke Karolina daga bayan babbar mota, ja wur, fitilu kamar idon mujiya. Jama'a suka yi tafi, wasu don kyau, wasu don sun san abin da ke tafe. Oreste ya juya hannun tayarwa, inji ya kama. Ya shiga, ya sa giya, ya ɗaga wa mata hannu, ya taka dama da ƙarfi.

Karolina ta yi tsalle ɗaya ta mutu.

"Sanyi ne," in ji shi. A watan Yuli.

Ya sake tayarwa, ya sake taka dama, ta sake mutuwa. Wani ya yi ihu, "A dawo da zakaran, ya fi ka iyawa!"

"Ku tura ta! Motocin manya ba sa tashi sai da rakiya!"

Ƙarti suka sa kafaɗa. Daidai lokacin Fada ya hau matakin gefen motar, bokitin ruwan albarka a hannu, don ya yayyafa wa ciki. Mota ta fara gangarawa, inji ya kama. Teburin alƙalai ya matso. Oreste ya gyara tabarau, ya ɗan taɓa tsakiya.

Karolina ta yi wata ƙara da ba ta yi ba tun zamanin surukinsa, ta zabura.

Ya ƙara takawa. Ta ƙara wuta. Ya miƙe tsaye a kan abin da ƙafa biyu. Alƙalai suka watse, ɗaya ya shige ƙarƙashin tebur da kofinsa. Fada ya maƙale ƙofa da hannu ɗaya, rigarsa ta buɗe kamar tuta, ɗaya hannun na wurgi da bokiti, ruwa na fantsama hagu da dama. Tun da aka kafa garin ba a taɓa sa wa mutane da yawa albarka cikin sauri haka ba. Har karen mahauci ya samu.

Na bi su a guje, Nives na gabana. "Ƙafar dama, Oreste! Ƙafar dama!"

Ya waigo, mayafi na kaɗawa. "Ƙarya kuke!"

Ya danna hon. Masu badujala suka zubar da kayan busa suka tarwatse, mai babbar ganga ya rasa inda zai yi da ita, ya kwanta a bayanta. Karolina ta goge ganga, ta nufi dalar cuku, ta shige ta tsakiya. Cuku ya ɓalle. Ƙulla-ƙulla suka bi gangare suna tsalle, masu su na bin su suna kiran sunayen waliyyai. Ɗaya ya bi magajin gari har cikin lungu. Ɗaya ya shiga kantin Dakta ta ƙofa kamar mai neman magani. Karolina kuwa ta haura bakin tafki, ta tsoma goshi a ruwa, ta yi tusa ta salansa, ta yi shiru.

Da Oreste ya faɗo da nauyinsa kan kujera, ɗinki ya ce ɓarr. Gashi ya tashi sama kamar hayaƙi, iska ta ɗauka, ya riƙa sauka a kan jama'a a hankali. Wata mata ta tsinci wani guntu a kafaɗarta, ta ɗaga.

"Wannan ai furfurar mijina ce."

"Ga jan gemun mahauci!"

Matar magajin gari ta ga shuɗi-shuɗin nan a kan hular wani, ta kau da kai, ta ce ita ba ta san shi ba.

Fada ya taso daga cikin tafki, bokiti har yanzu a hannunsa. Babu wanda ya ji ciwo, sai cuku.

Sai ga babbar alƙaliya, Madam Pautasso, injiniya ta gaske, 'yar ƙarama da tabarau a kan hanci. Ta cire takalmi, ta tattare siket, ta shiga ruwa, ta zaro ɗan sukundireba daga jaka. Oreste ya fito yana ɗiga, ƙahonsa biyu sun kwanta kamar jiƙaƙƙen ɓera, amma bakin na nan.

"Madam, kin ga gudu? Wannan ba komai ba ne, giya ta ɗaya ce."

Ta ƙwanƙwasa fitila. "Tarakta."

"Ta basarake."

Ta taɓa ƙusa. "Kan gicciye. Lokacin da aka ƙera motar nan babu irin wannan a Turin." Ta kankare fenti. "Na jiya." Ta leƙa hon, ta dubi Oreste, ta wuce. Ta ɗaga darduma, ta daɗe tana kallon kifayen. "Waɗannan da su ta zo, ko yanzu suka shigo?"

Ta tsinci gashi a kujera, ta murza. "Wane irin doki ne wannan?"

"Na Verona."

"Yana da amosani, kuma yana rini."

Daga nan ta sunkuya ƙarƙashin sitiyari. Da ta ɗago sai fuskarta ta yi haske. "Kai! Matakan ƙafa na asali ne. Totur a tsakiya, ba a taɓa kwance shi ba. Na yi maka murna, ranka ya daɗe. A duk jikin motar nan abin da ya rage na zamaninta ke nan, kuma kowa ya ga yana aiki."

Aka liƙa lambar tagulla a goshin motar Dakta. Madam Pautasso ta ce ta daɗe ba ta ga fitilu da kujeru da mariƙan ƙofa na gaske irin waɗannan ba, dushewarsu ma ado ce. Nives ta matsa kusa, ta shafa tsagaggiyar fatar kujera, ta miƙa hannu ta matsa hon. Agwagwa mai mura ta amsa.

"Muryar babana ke nan in ya dawo daga kasuwa," in ji ta.

Oreste ya yi tsalle. "Kun ji! Kayana ne! Fitiluna, hon ɗina, kujeruna! Ni na ci! Dakta aron jiki kawai ya ba ni!"

"Shara ka ce, a gaban Loris," in ji Dakta. "Har ka gayyato Paparoma."

Aka juya ga Fada, mai riƙe da shaida. Yana matse gefen rigarsa. "Ɗana, cewa ka yi goshin Karolina. Ga Karolina can. Ga goshinta a cikin ruwa. Ni ma daga can nake, ban ga lamba ba."

Ƙarti huɗu suka ɗauko kujerar askina suka dasa a tsakiyar dandali. Masu badujala suka tattaro kayansu. Dakta, don mutunci, ya buɗe wa Nives ƙofar motarsa, ta hau ta zauna a kujerar babanta, hannu a kan hon. Oreste ya zauna a tawa kamar wanda za a naɗa sarauta. Na ɗaura masa ƙyalle. Na zaro wata aska daga aljihu, mai mariƙin ƙaho, bakinta ya ɗan yi ja.

Ya zare ido. "Mece ce wannan?"

"Ta kakana ce. Tun kafin yaƙi. Wannan karon da gaske."

"Ba a wasa ta ba?"

"In na wasa ta, Madam za ta ce na ɓata kayan tarihi."

"Kumfa fa?"

"Ta gwangwani gare ni, Injiniya. Ba ta zamanin ba ce."

Na kama ƙahon hagu. Duk jan da na yi sai ya ce wayyo, Nives ta matsa hon, mai ganga ya buga. Haka muka yi har na dama ya faɗi a kan ƙyalle. Leɓen da ya fito fari fat, kamar ƙwan da aka ɓare. Na miƙa masa madubi, duk dandali ana jiran kuka.

Ya duba ta nan, ya duba ta can. Ya shafa wurin. Sai ya ɗaga murya yadda na bayan coci za su ji.

"Ku je ku duba hotunan direbobin tsere na wancan zamani, ku gani ko akwai mai ƙaho a baki! Dama na yi niyyar cire shi. Yanzu ne direba ya zama na asali, saura mota."

Na kai hannu zan kakkaɓe ƙyallen, ya cafke ni.

"Kai, ina za ka da shi? Ƙulle mini a takarda. Kujerar nan za ta buƙaci ciko kafin baɗi, kuma wannan ya fi na mutuminka na Verona."